Darasin Lafiya: Yadda Ake Gane Ciwon Huhu a Bakin Gadon Majiyyaci

 Darasinmu na wannan fitowa a kan numfashi ne. Mun shirya shi domin a karanta a taron zumuntar mata, da na maza, da na matasa, a ƙauyukanmu na ƙasar Jahun da na bakin kogin Haɗeja. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a hankali, a riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi ana tattaunawa.

Manufar darasi

Muna so mu fahimci abu uku. Na ɗaya, yadda ma'aikacin lafiya yake tunani har ya gane irin ciwon da ke cikin ƙirjin mutum. Na biyu, yadda na'urar sikanin, wadda mata suka sani wajen awon ciki, take taimakawa wajen duba huhu. Na uku, aikin da ya rataya a wuyanmu kafin majiyyaci ya isa asibiti.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

A ƙasarmu kowane lokaci na shekara yana da tasa wahalar ga huhu. Da damina, idan kogi ya cika ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, iyalai sukan bar gidajensu su cunkushe a ajin makaranta ko a ɗakin ɗan'uwa, ga danshi ga sauro, tarin mutum ɗaya ya zama na kowa. Da hunturu kuma ga ƙura, ga sanyi, sai mu rufe ƙofa da taga mu hura wuta a ɗaka. Uwa tana girki da kara ko itace, jariri yana goye a bayanta yana shaƙar hayaƙin tare da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ciwon limoniya, wanda muke kira ciwon haƙarƙari, ya kashe yara fiye da 740,000 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Asusun UNICEF kuma ya ce a 2018 Nijeriya ta rasa yara wajen 162,000 ta wannan ciwo, fiye da kowace ƙasa. Yawancinsu da an gane ciwon da wuri, da magani mai araha ya ishe su.

Huhu da aikinsa

Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkuna masu ɗaukar iska. Idan muka ja numfashi, iska tana bin maƙogwaro da ƙananan hanyoyi har ta isa jakunkunan, jini ya ɗebi iskar oksijin ya kai wa sauran jiki. Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai siririyar fata mai ninki biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da bangon ƙirji, suna goga juna a hankali duk lokacin da muka numfasa.

Numfashi yakan lalace ta hanyoyi kamar biyar. Jakunkunan su cika da mugunya, wannan shi ne limoniya. Ko su jiƙe da ruwa saboda zuciya ta gaza tura jini. Ko ruwa ya taru a waje, tsakanin fatun nan biyu, ya danne huhu. Ko iska ta tsere ta shiga wannan tsakani, huhu ya motse. Ko kuma hanyoyin iska su tsuke, kamar yadda yake faruwa ga mai asma.

Kuka ɗaya, ciwo daban-daban

Bari mu ɗauki misali. A ce mutum huɗu sun iso asibiti da safe ɗaya, kowa an ce "numfashi ne yake yi masa wuya."

Na farko yaro ne ɗan shekara 2, kwana 3 yana zazzaɓi da tari, yau ya ƙi cin abinci. Ta biyu mai jego ce, wata 1 da haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune take barci. Na uku masunci ne, wata 2 yana tari, ya rame, yana gumi da dare, yanzu gefen ƙirjinsa ɗaya ya yi masa nauyi. Na huɗu ɗan acaba ne da ya faɗi da babur jiya da yamma, ya bugi haƙarƙari, numfashinsa yana ta raguwa.

Idan aka je kemis, mai yiwuwa a ba su huɗun maganin tari iri ɗaya da ƙwayoyi iri ɗaya. Amma yaron maganin kashe ƙwayoyin cuta yake bukata, wataƙila da oksijin. Mai jegon tana bukatar maganin da zai fitar da ruwa daga jikinta ya taimaki zuciyarta, idan kuwa aka yi kuskure aka ɗaura mata ƙarin ruwa, numfashinta zai ƙara tsananta. Masuncin sai an gwada kakinsa a nemi tarin fuka. Ɗan acaban kuwa sai an sa masa roba a ƙirji a fitar da iskar da ta danne huhunsa. Maganin da zai ceci ɗaya yana iya cutar da ɗaya. Shi ya sa gane ciwo yake gaba da ba da magani.

Yadda ma'aikacin lafiya yake tunani

Mataki na farko tambaya ce. Yaushe ya fara? Farat ɗaya ya zo ko a hankali? Akwai zazzaɓi? Akwai jini a kaki? Wani a gida yana tari? An yi wa yaron rigakafi? Me aka riga aka sha? Daga amsoshin nan ma'aikaci yakan jera cututtuka uku ko huɗu a zuciyarsa, sa'an nan ya fara neman abin da zai tabbatar da ɗaya ya kawar da sauran.

Mataki na biyu dubawa da ido. Yana kallon yadda ƙirji yake motsi, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Yana ƙirga numfashi. Yana duba tafin hannu da cikin ido, domin ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro su ma suna sa yaro haki ko da huhunsa lafiya lau. Saboda haka kada mu yi mamaki idan mun kai yaro da tari aka ce a gwada jininsa.

Mataki na uku ƙwanƙwasawa da sauraro. Dukanmu mun san yadda ake ƙwanƙwasa kankana a kasuwa, ko jarka a ji inda ruwa ya tsaya. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya rubuta wannan dabara a 1761: ƙirji mai iska yana amsawa kamar ganga, inda ruwa ya taru kuwa sai a ji ɗif. A 1816 wani likitan Faransa, René Laennec, ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin majiyyaciya ya saurara, daga nan aka sami abin sauraron ƙirji da likitoci suke ratayawa a wuya.

Mataki na huɗu auna oksijin. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake maƙalawa a yatsa, ya nuna lamba. Idan lambar ta yi ƙasa da 90, majiyyacin yana bukatar oksijin, ko da a ido bai nuna ba. A Kiyawa, maƙwabciyar Jahun, ƙungiyar Save the Children tare da masana daga Jami'ar Ibadan da wasu jami'o'in Turai sun gudanar da wani shiri a kan limoniyar yara a 2021 da 2022, inda aka horar da ma'aikata, aka kawo wannan abin awo, aka kuma kafa ƙungiyoyin maza da na mata masu tattauna lafiyar yara a ƙauyuka.

Duk da haka, kunne yana da iyaka. Yaro yana kuka, ɗaki cike da hayaniya, ƙarar ruwa da ta mugunya sukan yi kama da juna. Hoton ƙirji na eksire, wanda aka gano haskensa tun 1895, yana taimakawa ƙwarai, amma yana bukatar babban inji, da lantarki, da ɗaki na musamman, kuma sai an ɗauki majiyyaci an kai shi wurin. Wanda numfashinsa ya kusa ƙarewa ba koyaushe zai jure wannan tafiya ba.

Sikanin a bakin gado

Mata da yawa a cikinmu sun san sikanin juna biyu. A Babban Asibitin Jahun, ƙungiyar likitocin MSF ta fara aiki tun 2008 a kan haihuwa da gyaran yoyon fitsari, kuma mata daga nesa sun haihu a can. Irin na'urar da take nuna kwanciyar jariri a ciki, ita ce kuma take iya duba huhu.

Ga yadda take aiki. Idan ka leƙa rijiya ka yi kira, muryarka takan dawo maka. Na'urar tana aika sauti siriri wanda kunnenmu ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke cikin jiki ya dawo, ita kuma ta mai da amsa-kuwwar hoto. Babu allura, babu zafi, babu irin hasken da ke cikin eksire, shi ya sa ake iya yi wa jariri da mai ciki, a kuma maimaita gobe a ga ko an sami sauƙi. Abin da majiyyaci zai ji kawai sanyin man da ake shafawa ne. A yau akwai ƙanana masu aiki da batir, waɗansu ma ana haɗa su da wayar hannu.

Shekaru da yawa likitoci suna ganin ba za a iya duba huhu da sikanin ba, domin iska tana mayar da sautin gaba ɗaya. Wani likitan Faransa, Daniel Lichtenstein, ya nuna cewa yadda sautin yake dawowa shi kansa labari ne. A 2008 ya buga binciken da ya yi a kan majiyyata 260 masu tsananin wahalar numfashi, inda tsarinsa ya gano ainihin ciwon a wajen 9 cikin kowane 10.

Alamomin da ake nema ba su da yawa. Huhu mai lafiya yana nuna layin fatun nan biyu yana zamewa gaba da baya tare da numfashi, a ƙarƙashinsa kuma layuka a kwance. Huhun da ya jiƙe yana nuna fararen layuka a tsaye, kamar hasken rana da ya ratso ta hujin rufin ɗaki. Inda mugunya ta cika jakunkuna, wurin yakan yi kauri ya yi kama da hanta. Ruwan da ya taru a wajen huhu yana fitowa baƙi. Idan kuma iska ce ta shiga tsakani, zamewar nan takan ɓace, layin ya tsaya cik.

Mu koma ga mutanenmu huɗu. A ƙirjin yaron za a ga wuri ɗaya mai kama da hanta, limoniya ke nan. A na mai jegon za a ga layuka a tsaye ta dama da ta hagu, idan aka juya na'urar wajen zuciya kuma a ga ta buɗe tana bugawa da rauni. A na masuncin za a ga baƙin ruwa a gefe ɗaya, na'urar kuma ta nuna daidai inda za a sa allura a ɗebo shi don gwaji. A na ɗan acaban za a tarar babu zamewa a gefen da ya bugu. Duk wannan cikin 'yan mintoci, majiyyaci yana kan gadonsa.

Ba sai babban likita kaɗai zai iya koya ba. A garin Awil na Sudan ta Kudu, MSF ta koya wa ma'aikatan asibiti waɗanda ba likitoci ba ne duba huhun yara da sikanin cikin ɗan gajeren horo, rahoton da ya fito a 2019 kuma ya nuna cewa yawancin hotunan da suka ɗauka da fassarar da suka yi daidai ne. Wani nazari na 2015 da ya haɗa bincike da dama ya sami cewa sikanin yana gano wajen 96 cikin 100 na yaran da suke da limoniya.

Iyakar na'urar

An ce gani ya kori ji, amma a nan gani da ji tare suke tafiya. Na'urar ba ta ganin ciwon da ya ɓuya can tsakiyar huhu bai taɓo gefe ba. Ba ta faɗin sunan ƙwayar cutar. Layuka a tsaye suna iya fitowa daga ciwon zuciya, suna kuma iya fitowa daga wata cutar huhu dabam. Labarin majiyyaci ne yake raba gardama. Mai asma ma huhunsa yakan fito kamar lafiyayye, sai kunne ya ji fiton numfashinsa. Tarin fuka kuwa gwajin kaki ne yake tabbatar da shi. Kuma ingancin hoton ya dogara ga hannun da ya riƙe na'urar da horon da ya samu.

Saboda haka kada mu mai da sikanin abin yayi, mu riƙa biyan kuɗi a kowane shago da ya kafa allo. Ma'aikacin lafiya ne zai ce ana bukata ko ba a bukata. Ba kowane asibiti ne yake da na'urar ba, kuma yawancin limoniyar yara ana gane ta ne da ƙirga numfashi da kallon ƙirji. Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti aka ce a wuce Jahun, Haɗeja, Dutse, Birnin Kudu ko Kano, a tafi a ranar.

Namu aikin

Na ɗaya, mu koyi ƙirga numfashi. A bar yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin cikinsa har minti 1 cikakke da agogon waya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Yaro mai tari da saurin numfashi a kai shi asibiti a ranar.

Na biyu, mu san alamun haɗari: ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki sa'ad da yaro ya ja numfashi, ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashe shi, ko ƙara mai kaushi a maƙogwaro alhali yana kwance shiru. Waɗannan ba sa jiran wayewar gari, ba sa jiran ranar kasuwa. Idan maigida ya tafi ci-rani ko yana fadama, ya bar izini tun da wuri cewa a kai yaro ba sai an jira shi ba. A yi wa majiyyaci addu'a ana kan hanya.

Na uku, mu lura da masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya fi nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin goyon ciki. Kanwa dai gishiri ce mai tara ruwa a jiki, macen da ta kumbura ta bar ta. Mai jegon da take haki, ko tari ya hana ta kwanciya, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Na huɗu, tarin da ya kai mako 2 a je a gwada kaki. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe, ana sha wata 6 ba fashi, kuma ana warkewa. Mutanen gidan su ma a duba su, musamman ƙananan yara.

Na biyar, mu faɗi gaskiya a gaban ma'aikacin lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan an sha jiƙo, ko an yi tsaga a haƙarƙari, ko an cire beli, ko an yi wa yaro ɗura ya ƙware, ko ya sha kananzir, a faɗa. A tafi da kwalin duk maganin da aka saya. Wanda ya yi jinyar majiyyacin tun farko shi ya kamata ya shiga, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Na shida, rigakafi. Tun 2014 aka fara ba jarirai allurar rigakafin limoniya a Nijeriya, ana yi a mako na 6, na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma tana farawa a wata na 9. A shayar da jariri nono zalla har wata 6. A yi girki a sarari ko a buɗe wa madafa taga, a sauke goyo kafin a hura wuta. Idan aka ba yaro amoksisilin mai narkewa a ruwa, a cika kwanakin da aka faɗa ko da ya tashi yana wasa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Idan yaro ya fara haki da tsakar dare a ƙauyenmu, wa ake fara kira, kuma awa nawa ake ɗauka kafin a isa asibiti? Da damina fa, idan ruwa ya yanke hanya?
2. Mutum nawa a cikinmu suka iya ƙirga numfashi? Kowa ya gwada yanzu da yaron da ke kusa da shi.
3. Waɗanne abubuwa ne muke jin nauyin faɗa wa ma'aikacin lafiya, kuma me ya sa?
4. Akwai wanda ya daɗe yana tari a unguwarmu? Ta yaya za mu taimake shi ya je gwaji ba tare da mun kunyata shi ba?
5. Za mu iya ajiye mudu ɗaya ɗaya na hatsi da kaka domin asusun kuɗin mota na gaggawa? Wa zai riƙe, wane mai babur ko mai kwalekwale za mu yi magana da shi?

Kammalawa

Ma'aikacin lafiya yana da tambaya, da ido, da kunne, a waɗansu wurare kuma yana da na'urar da take nuna masa cikin ƙirji. Amma ba zai duba wanda ba a kawo masa ba, ba zai kuma san abin da aka ɓoye masa ba. Muna roƙon kowace zumunta ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je asibiti mafi kusa su roƙi ma'aikaci ya nuna musu ƙirga numfashi da lotsawar haƙarƙari, su dawo su koya wa sauran. Ku aiko mana da abin da kuka shawarta a kan tambaya ta 5. Sai mun ji daga gare ku, ku huta lafiya.